Ta Kofur Jalo

A Bajoga, bayan azahar, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
Goggo Dija ta shigo caji ofis da dogon ƙunshi a ka,
ta shimfiɗe shi a teburina kamar jaririn da barci ya kwashe.
"An yi shela a kawo makamai. Ga ta Jalo.
Shekara talatin tana saman azara, ita da gara."

Aikina rubutu ne: iri, lamba, sunan mai kawowa.
Layi ɗaya ya ishi kowace bindiga.
Wannan ta ƙi shiga layi.

Na jiƙa tsumma da kananzir.
Tsatsa ta riƙa saki kaɗan-kaɗan,
kamar marowaci yana biyan bashi.
Kambi ya fara leƙowa, bai kai ƙwayar wake ba,
a gefensa shekara: arba'in da biyu.
Ga kan kibiya da aka buga da guduma,
shaidar cewa ta hukuma ce, ba ta mai saɓa ta ba.
Mak-fo. Tun a nauyi na gane ta.

Lambar jiki daban, lambar sakata daban.
Ke nan wata ta mutu a wani daji,
aka ciro sakatarta aka ba wannan ta ci gaba da tari.
Cikin bututu rami-rami kamar zanzana:
ta sha damina a ƙasar da ruwa ba ya hutawa.
Ko Bama ce? Ƙarfe bai ce ba, ni ma ban rantse ba.
A ƙarƙashin maɗauri, da tsinin wuƙa,
wani ya fara rubuta sunansa da ajami,
harafi biyu, na ukun bai rufe ba.
An busa bigila ne? An kira shi? Ya faɗi?

Tsohon hatimi an soke shi da layi,
an buga sabo a kansa, baƙin fenti ya bi.
Tutar da ta kawo ta ta koma gida,
ita ta tsaya, ta jira yaƙi na biyu,
wanda ba a hau jirgin ruwa kafin a same shi ba.

Sai katakon gindi: tsaga goma sha bakwai, a jere.

Kurtu Barde ya leƙo, ya yi fito.
"Mutum sha bakwai! Akwai wani dillalin kayan da,
da zai ga wannan, sai ya ba da kuɗin babur."

Goggo ta yi dariya har ta riƙe teburi.
"Jalo? Da sallah maƙwabci ke yanka mana rago.
Wasiƙu ne, yaro.
Duk wadda akawun bataliya ya rubuta masa zuwa gare ni,
sai ya tsaga ɗaya, don kada in ce ya manta.
Uku suka iso."

Yadda ta biyo shi gida ban tambaya ba.
Ko ta taɓa kashe wani, ita ma ba ta tambaya ba,
ta ce dai ya rasu ba ya kwana ɗaki in ana tsawa.

Gobe mota za ta kwashe su zuwa Gombe,
na'ura ta yanka su gunduwa-gunduwa.
Na yago takarda daga bayan rajista,
na ɗora a kan katakon, na goga fensir a kwance,
tsagogin suka taso fari-fari, kamar shuka bayan ruwan farko.

Ta karɓa, ta bi su da yatsa,
ta tsallake uku, ta ƙirga sauran,
ta ninke, ta ƙulle a bakin zane tare da goro.

A rajista na rubuta:
Mak-fo, ɗaya, tsohuwa, ba ta aiki.
Gurbin ƙarin bayani na bar shi fari.